Kwalin Kwamfuta

Mai gyaran ya danna maɓallin, ya sake dannawa. Baƙin gilashin ko ƙiftawa bai yi ba.

"Inna, yaushe rabon da a kunna ta?"

"Ba a taɓa ba," ta ce, har da ɗan alfahari.

Tun ɗiyarta tana firamare uban ya aiko da kwamfutar daga Abijan, da saƙon a kula da ita. Ta kuwa kula. Ta naɗe ta a zanen aurenta, ta kulle tare da kwanonin jerenta, sai yarinya ta yi hankali. Yarinya ta yi kuka, ta yi roƙo, ta gaji. Kwalin kawai aka bar mata.

Yanzu ɗiyar ta gama makarantar lise, jibi za a gwada ta kan buga rubutu da kwamfuta a ofishin da take neman aiki. Shi ya taso su daga Barmu zuwa Tawa.

"Ko ƙwarzane babu," in ji mai gyaran. "Amma ajiya ta kashe ta, Inna. Zafi ya cinye cikinta. Sai dai ado."

Uwar ta juya tana jiran faɗa. Kwalin ne a cinyar ɗiyar, yatsunta suna tafiya a kansa su kaɗai. Sai yau uwar ta dube shi da kyau. Hoton kwamfutar da ke jikinsa yana nan, amma wurin haruffan ya goge fes, har kwalin ya huje.