Akwatin da Ba a Taɓa Kashewa Ba

Sau ɗari biyu da goma sha ɗaya ke nan fitilar tana kawo kore, amma har yanzu Malam Tanko bai ɗauki biro ba.

Shagon da ake gwajin yana bayan tashar mota a Ikara. A kan tebur akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi kwalin sukari biyu ba. Irinsa arba'in za a ɗaura wa injinan ban ruwa masu aiki da sola a fadamun Kudan, idan tsohon malamin ya sa hannu cewa akwatin yana aiki. Ƙungiyar manoman rani ce ta ɗauko shi daga Makarfi, inda ya daɗe yana koyar da kwamfuta kafin ya yi ritaya.

Manhajoji biyu ne ke aiki a cikin akwatin, kowacce a keɓe, ba ta ganin abin da ke hannun 'yar'uwarta. Ɗaya tana auna ruwan rijiya ta rubuta, ɗayar tana karantawa ta kunna inji ko ta kashe. Mahaɗarsu guda ce: wani ɗan gurbi a ƙwaƙwalwar na'urar, mai gogewa in an kashe akwatin, wanda kanel, wato cibiyar da ke raba wa kowace manhaja wurinta, ya buɗe musu su biyu. In saƙo bai ratsa gurbin nan ba, inji zai yi ta ja a busasshiyar rijiya har ya ƙone, albasa ta mutu a tsakiyar rani.

Gwajin ba shi da wuya. Mai rubutu ta sa lamba 4417 a farkon gurbin, mai karatu ta leƙa. In ta ga lambar, kore.

Ja'afaru, injiniyan shagon, ya harɗe hannu a ƙirji. Wata bakwai ke nan da Alhaji Mamuda mai shagon ya ɗauke shi aiki, bayan Wasila ta tafi. Ita ce ta fara haɗa akwatin, ta kuma tsara gwajin. Ta ce sai an ƙara mata wata biyu kafin a kai wa manoma, Alhaji ya ce a'a, ta ajiye masa makulli a kan tebur. Abin da Ja'afaru ya fara yi da zuwansa shi ne goge manhajarta ta rubutu, ya ce nauyi gare ta. Ya zauna ya rubuta tasa.

“Injiniya, ko za mu kashe shi mu sake kunnawa?” in ji Malam Tanko.

“Ba za a kashe ba, Baba. Wata goma sha ɗaya yana kan batirin sola, ko ƙiftawa bai yi ba. Lissafin nan shi za mu nuna wa manoma. Ba zan ɓata shi saboda zato ba.”

Alhaji Mamuda ya gyaɗa kai, ya dubi agogo. Motar da za ta kwashi akwatunan tana waje tun hantsi, direba har ya gaji da shan rake.

Tsohon ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ba da labarin wani inji da ya ƙone a Nasarawan Doya, ko a Janfalan ne, ya ce ya manta, amma bai manta fuskar mai gonar ba. Sai ya roƙa a tsayar da mai rubutu, a bar mai karatu ita kaɗai.

Ja'afaru ya tsayar. Fitila ta kawo kore.

“Dole ta kawo,” ya faɗa tun kafin a tambaye shi. “Abin da na rubuta na ƙarshe yana nan zaune a gurbin. Ko ɗan aji ɗaya ya san wannan.”

“Haka ne, ɗana. Ni ma na koyar da shi.”

Wannan sanyin murya ya fi zagi ƙona ran Ja'afaru. Tun da ya zo garin nan ake auna shi da Wasila. Masu gyaran waya na maƙwabta ma sukan leƙo su tambayi ko an ji labarinta. Ya zaro makullin shagon daga aljihu ya dangwarar a kan tebur.

“Ku gwada sau dubu. In aka sami kuskure ɗaya a aikina, ga makulli, Alhaji. Ba sai an kore ni ba.”

“Lamba huɗun farko kawai gwajin yake dubawa,” in ji Malam Tanko. “Me ke cikin sauran gurbin?”

“Sifili zalla. Manhajata tana share gurbin tas kafin ta rubuta komai. Babu harafi ɗaya na wani a ciki.”

“To nuna mini sifilin, in sa hannu in kama hanya. La'asar a Makarfi nake so in yi.”

Ya ɗauki biron ma, ya cire murfinsa. Ja'afaru ya ja kujera, ya buga umarnin da yatsu biyu, ya juya fuskar kwamfutar wajen tsohon ba tare da ya duba ba. Idonsa yana kan Alhaji.

Malam Tanko ya matso da kai ya karanta a hankali, leɓɓansa suna motsi. Sai ya mayar wa biron murfinsa, ya sa a aljihu.

Bayan 4417 babu sifili ko ɗaya, akwai kwanan wata na makonni biyar kafin Ja'afaru ya taka ƙofar shagon, sannan ɗan gajeren layi: “Gwajin ƙarshe, Wasila.” Ashe manhajar Ja'afaru ba ta taɓa rubuta komai a gurbin ba.