Mahaifar Laraba

"Ƙarya kake, likita!" Laraba ta daka tsawa. "Shekara da shekaru Malam mai gidana na kawo mini sassaƙe ina sha, awakina duk sun ƙare cikin tsadar nan, yanzu ka ce ba ni haihuwa?"

Likitan jami'ar da ya zo Bodinga binciken rashin haihuwa ya sassauta murya. "Baiwar Allah, ba ki da mahaifa. An cire ta tun aikin da aka yi miki bayan ɓarinki."

Ta juya wajen mijinta Mode. "Malam, ka ji zaluncin da anka yi muna? Ba wanda ya tambaye mu!"

Mode ya sunkuyar da kai.

Likitan ya ce, "Ai ba a cirewa sai miji ya yarda."