Shanun Kakan Bobbo

"Ɓarawon shanu!" Malam Bobbo, Bafulatanin ofishin, ya daka wa Terkula, ɗan ƙabilar Tibi, tsawa. "Ku Tibi, ina shanun kakana?"

Beatrice, sabuwar shugabarsu a Jalingo, ta taso da sauri. Kwanan nan rikicin makiyaya da manoma ya ci ƙauyen su Terkula.

"Malam, janye maganar nan!" in ji ta.

Terkula ya miƙe, ya yi kan Bobbo. Sai ya rungume shi yana hawaye.

"Madam, bar shi," in ji Terkula. "Wasan kakanninmu ne, tsakanin Tibi da Fulani. Tun rikicin nan 'ranka ya daɗe' yake ce min. Na ɗauka zumunci ya mutu."

Ya share ido. "Mun cinye su, Bobbo. Kawo wasu."