Takardar da Ba Suna

Takardar ta iso wa Farfesa ranar Litinin da hantsi, shafi ashirin da biyu, ba sunan marubuci. Haka dokar mujallun kimiyya take: a cire suna, a tura wa masanin fannin ya tantance, don kada sanayya ko ƙiyayya ta shiga. Farfesa ya karanta shafi biyu kacal ya yi tsaki. Ko a cikin duhu zai gane hannun Dogo.

Dogo ɗalibinsa ne a da. Shi ya koya masa yadda ake yanko gashi daga ƙeya, a niƙa, a auna kotisol, sinadarin da jiki ke saki idan damuwa ta taso, a karanta wahalar wata uku a tsinken da bai kai gaɓar yatsa ba. Yanzu Dogo ake gayyata taro, Dogo ake ambata a rediyo, Farfesa kuwa sai dai a ba shi kujerar gaba da ruwan gora. Ga shi a wata mai zuwa za a zaɓi shugaban sabuwar cibiyar bincike, kuma su biyu ne a kai. Takarda ɗaya mai nauyi ta isa ta karkata kwamitin.

Wannan kuwa nauyi ba a magana. An bi direbobin manyan motoci ɗari uku har shekara huɗu, an nuna yadda damuwa ke cin ƙwaƙwalwa a hankali. Abin da ya fi ci masa rai shi ne aikin ya yi kyau.

An wanke gashin da ruwan sinadarin sifirit sau uku, ba sau biyu da kowa ke yi ba. Wannan dabararsa ce, bai taɓa rubuta ta ba, sai wanda ya tsaya kusa da shi a ɗakin gwaji ya gani. An kuma ambaci tsofaffin ayyukansa sau goma sha ɗaya, har da wani da shi kansa ya manta. Farfesa ya ce wato a sace maka riga, sannan a zo ana yaba ɗinkin.

A gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta dubi sanƙonsa ta ce, "Allah ya so ka ba ka da gashi. Da an auna, da injin ya ƙone." Bai yi dariya ba. Ranar Asabar 'yarsu, wadda ta taso tana bin sa ɗakin gwaji, ta kira daga ƙasar da take karatun digiri na uku, kamar yadda ta saba. Ta fara cewa tana da wani albishir da ke tafe, amma bai bari ta kai aya ba, ya shafe rabin awa yana zayyana mata butulcin Dogo.

Ranar Lahadi ya zauna ya rubuta hukuncinsa. Ya san inda kowane ƙaramin rauni yake, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana hura su. Ya ce direbobin sun yi kaɗan. Ya ce wankin sau uku yana zubar da sinadarin, alhali ya san ƙarya yake. Ya rufe da cewa marubucin bai kai ya taɓa wannan fanni ba tukuna. Da ya tura, sai ya ji yunwa ta dawo, har ya nemi ƙari.

Bayan mako uku suka yi kiciɓis da Dogo a matakala. Farfesa ya tambaye shi, da murmushin da bai kai ciki ba, yaya rubuce-rubuce.

"Wane rubutu, Malam?" in ji Dogo. "Rabona da tura takarda tun bara. Koyarwa ta cinye ni."

Farfesa na shiga ofis wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce, ga shi ba Asabar ba.

"Baba, sun ce ba zan kare digirina bana ba, kuma tallafina ya ƙare," ta ce. "Shekara huɗu ina ɓoye maka aikin direbobin nan don ka gan shi a buge ka yi alfahari da ni, wani marar imani ya kashe shi."