Jinin Ƙahon Yaya Sallau

Tun da aka raba wa wanzamai na'urar gwajin dajin mafitsara, duk namijin da ya haura hamsin sai an ɗiga jinin ƙahonsa a cikinta kowace shekara. Ni da yayana Sallau muka tafi wurin Ilu wanzami tare.

Na'urar ta ba Yaya lamba takwas, ta kunna kore. Ni huɗu kacal ta ba ni, ta kunna ja.

Na ce, "Ilu, yaya haka? Ai tasa ta ninka tawa."

"Gado take dubawa, Malam Barau," in ji shi. "Zuri'arsu haka jininsu yake hawa, ba cuta ba ce. Kai huɗun ta yi maka yawa. Sai asibiti."

Yaya yana gyara hula yana murmushi. Tsayin Baba shi ya ɗauke, muryar Baba shi, yanzu har lafiyar ma ya haɗa. Ni da ko jan nama na daina ci.

"Zuri'arsu kuma?" na ce. "Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya."

Ilu ya sunkuyar da kai yana goge ƙaho. Yaya ya daina murmushi, amma ban ga mamaki a fuskarsa ba.