Kwalbar Kumandan

Gardi mai tsaro ya damƙe Kubura a ƙofar barikin Filinge, da kwalba a hannunta.

"Ɓarauniyar giya! Mu tai gaban kumandan!"

"Wallahi bisa juji na tsince ta," ta ce wa tafinta da suka iso gaban Baturen. "Da toka na wanke ta. Dakakken barkono ne ciki da mai. Ku bar ni, jinjiri na baro gida."

Kumandan bai yarda ba, ya kafa kai ya kurɓa. Hawaye shar, sai tari. Kubura ta sadaƙar.

Can ya sake lasa.

Tafinta ya ce, "Baiwar Allah, ya yafe maki. Kwalaben bariki duka ya ba ki. Ran da kika cika su da barkonon nan, ki koma gida."

Ta leƙa ɗakin ajiya. Kwalabe har rufi, ga kuku yana shigowa da wasu.