Jan Maɓallin Kan Rufi

Da faɗuwar rana Jumabek ya hau rufin tashar auna taurarin ɗan'adam kamar kullum, ya ɗora yatsa a kan jan maɓalli. Can sai koren hasken lesa ya ɓullo daga ƙubbar tashar, miƙe sambal kamar sanda, yana lalubar tauraron ɗan'adam don a auna nisansa.

Aikinsa ɗaya ne, ya zuba wa sama ido. In jirgin sama ya doso, ya danna, haske ya mutu. Hasken nan in ya sami idon matuƙi, shi da gani sai a lahira, ga kuma rayuka cike a bayansa.

Shekara talatin yana wannan aiki a kan dutsen da tashar take, amma yaran yanzu ba su san girma ba. Tun da aka kawo musu rada mai hango jirgi, ko shayi ba a hawo masa da shi. Kowace Alhamis Kuralai, injiniyar tashar, takan soya gurasa bakwai irin ta sadakar mamata, ƙamshi ya game ko'ina, ba mai ce masa ga taka. Abin na ci masa rai, wallahi. Sa'arsa ɗaya, ƙamshin kaɗai kan ƙosar da shi, sanyi ma ya daina damunsa.

Yau sai ga wani jan ɗigon haske ya taso daga wajen birnin Almati, ƙasa-ƙasa. Ya jira rada ta yi aikinta. Shiru.

"Kuralai! Talgat! Jirgi!"

Ina! Yana jiyo Talgat, abokin aikinta, na tsokanarta wai shayinta ko tunkiya ba za ta sha ba.

Jirgin ya matso har ana ganin tagoginsa. Jumabek ya yi bisimilla, ya danna da iya ƙarfinsa. Haske ya ɗauke ɗif. Jirgi ya ratsa ta daidai wurin, ya wuce abinsa.

Su biyun suka fito a guje, suka yi cirko-cirko suna bin sa da kallo.

"Ke kika kashe?" in ji Talgat.

"Ni? Ai yanzu na lura ƙanƙara ta toshe rada."

"To, daga rufi aka danna ke nan."

Jumabek ya gyara tsayuwa, yau dai dole a gode masa. Kuralai ta ɗago kai wajen rufin.

"Talgat, ka bar wasan nan. Da hannuna na yanke wayar maɓallin, ranar da muka sauko da gawar Baba Jumabek daga can."